Daga lomar tuwo zuwa jini: yadda mai aikin jinya za ta gane ciwon sukari

"Assalamu alaikum Majo. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, shekara ta biyu, yanzu ina aikin gwaji a wata cibiyar lafiya ta CSI nan cikin garin Maradi. An koya mana narkewar abinci daban, an koya mana ciwon sukari daban. Na haddace alamomin, amma da na tsaya gaban majinyaci sai su watse mini. Ga kuma gwaggona, ta haura shekara 50, wajen wata uku ke nan ba ta rabuwa da moɗa, tana tashi fitsari sau huɗu ko biyar cikin dare, ta rame har zane ba ya zama a ƙugunta. A gida ana cewa zafin bazara ne, ita kuma ta ce olsa ce. Mene ne haɗin ciki da ciwon sukari, kuma yaya zan gane shi ban ruɗe ba?"

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Tambayoyi biyu kika ƙulle wuri guda: yadda abinci ke zama sukarin jini, da yadda za ki gane mai ciwon in ya zauna gabanki. Amsarsu ɗaya ce. Alamomin suna watse miki ne don kin haddace su a jere, ba ki bi su daga tushe ba. In kika iya bin lomar tuwo daga baki har cikin tsoka, kowace alama za ta fito da dalilinta, ba sai kin yi hadda ba.

Amma bari in fara da gwaggo, don nata ba ya jira. Gaskiya ne zafin Afirilu da Mayu a Maradi yana sa kowa shan ruwa, sai dai ruwan da zafi ya sa aka sha zufa ce ke fitar da shi. Mai ƙishirwar rana fitsarinsa kaɗan ne, ja-ja, mai wari. Wadda ke tashi sau huɗu ko biyar cikin dare tana zuba fitsari mai yawa, fari tas, ga kuma rama, ba za a ɗora wa rana laifi ba sai an auna jininta. Gobe da safe, kafin ta sa komai a baki in ban da ruwa, ki kai ta a soki yatsa. In kuwa yau ɗin nan tana amai, ko ciwon ciki mai tsanani, ko barci na fizgarta tana magana ba kan gado, ko numfashinta ya yi zurfi yana sauri, kada ku jira safiya, ku wuce babban asibiti.

Hanyar da loma ke bi

Ɗauki lomar tuwon hatsi da miyar kuka. Mafi yawan abin da ke cikin tuwon nan sitaci ne, shi kuma sitaci ƙwayoyin gulukos ne, wato irin sukarin da ke yawo a jini, da aka jera aka ɗaure su da juna. Ba shi da zaƙi a harshe, shi ya sa majinyaci zai rantse miki shi ba ya shan zaƙi, kuma ba ƙarya yake ba a iya saninsa. Aikin narkewa shi ne tsinke wannan ɗauri. A baki ake farawa: haƙora su niƙa, yawu ya jiƙa, a cikin yawun kuma akwai sinadarin amilas da ke fara yanka sitaci. Ki gwada da kanki, ki tauna ɓallin burodi ki riƙe shi a baki minti biyu ba ki haɗiye ba, za ki ji ya soma zaƙi.

Daga nan loma ta gangara maƙoshi ta faɗa tumbi. Ruwan tsami na tumbi da sinadarin fefsin sun fi damuwa da nama da wake da ƙwai, sitaci kuwa jiran lokacinsa yake. Abin da ya fi shafarmu a tumbi shi ne ƙofarsa ta ƙasa, wadda ke sakin abinci kaɗan-kaɗan zuwa hanji cikin awa 2 zuwa 4. Abin sha yana wucewa da sauri. Abinci mai ganye, mai wake, mai ɗan maiƙo yana jinkiri. Shi ya sa kwalbar lemo ko kofin zoɓo mai sukari kan ɗaga jini cikin ƴan mintoci, dambu da zogale da ƙuli-ƙuli kuwa a hankali suke shiga. Haka ma garin da inji ya niƙe lukui ya fi tsaki saurin narkewa.

Ƙaramin hanji, mai tsawon wajen mita 6, nan ne ainihin wurin aiki. A farkonsa bututu biyu ke haɗuwa su zuba ruwansu. Ɗaya ya kawo ruwan matsarmama daga hanta, wanda ke farfasa maiƙo. Ɗayan ya kawo ruwan fankiriyas, mai kashe kaifin tsamin tumbi, mai ɗauke da sinadaran narkar da sitaci da maiƙo da furotin. Bangon hanjin ya ƙarasa yankan, ya tsotse gulukos, ya zuba shi cikin babbar jijiyar da ke tafiya kai tsaye zuwa hanta. Abin da ya rage ya wuce babban hanji, a tsotse ruwa da gishiri, saura ya zama bayan gida. Wannan ɓangaren kin riga kin san shi.

Inda darasin biyu suka haɗu

Fankiriyas wata gaɓa ce mai tsawon kamar santimita 15, kwance bayan tumbi, kuma ba ita ce saifa ba, kada ki haɗa su a jarrabawa. Aiki biyu take yi. Kusan dukkan jikinta ruwan narkewar nan take yi tana turawa hanji. Amma a warwatse cikinta akwai ƴan ƙananan tsibirai, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinta kawai, waɗanda wani ɗalibin likitanci Bajamushe, Paul Langerhans, ya fara bayyanawa a 1869. Su ba hanji suke zuba nasu ba, cikin jini suke zubawa: insulin da gulukagon. Har ma hanjin kansa, da abinci ya iso, yana aika wa tsibiran nan saƙo ta wasu sinadarai, cikinsu akwai GLP-1, cewa su shirya, kaya na tafe. To kin ga gaɓa ɗaya ce ke taimakawa a mayar da tuwo sukari, ita ce kuma ke kula da inda sukarin zai nufa.

Ki yi wannan lissafin sau ɗaya, ba za ki manta ba. Babban mutum yana da jini kamar lita 5. Sukarin lafiyayye da safe yana tsakanin giram 0.70 da 1.10 a kowace lita. Ke nan duk sukarin da ke yawo a jininsa kamar giram 5 ne kawai, ƙwayar sukari guda ta cikin kwali. Babbar malmalar tuwo kuwa tana shigo da ninkin wannan sau goma ko fiye. Ina sauran ke zuwa?

Hanta rumbu ce. Lokacin kaka, wato bayan cin abinci, insulin ke ba da umarni a zuba a rufe, kuma hanta tana iya ajiye kamar giram 100. Shi ne kuma ke sa tsoka da kitse su karɓi nasu rabo. Cikin dare ko lokacin azumi, gulukagon ya sa a buɗe a ɗebo daidai buƙata, don ƙwaƙwalwa ba ta iya zama babu gulukos. A jikin mai ciwon sukari umarnin rufewar ne ba ya isa, ko ba a jin sa, sai rumbun ya zauna a buɗe ana ta ɗiba alhali gida cike yake da hatsi. Wannan ne amsar tambayar da za ki sha ji: "Malama, jiya ko tuwon dare ban ci ba, ya aka yi sukarina ya hau da safe?" Hantarsa ce ta kwana tana zubawa. In ba ki iya yi masa wannan bayani ba, zai koma gida ya ƙara matse cikinsa da yunwa, ko ya ce na'urarku ta lalace.

Ciwon sukari nau'i-nau'i ne. Nau'i na 1 shi ne wanda garkuwar jiki ta kashe ƙwayoyin da ke yin insulin. Ya fi kama yara da matasa, yana zuwa cikin ƴan makonni, kuma ba shi da magani sai allurar insulin. Kafin Banting da Best su fitar da insulin a Toronto ta Kanada a 1921, a fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 a Janairun 1922, duk yaron da ya kamu mutuwa yake. Nau'i na 2 shi ne fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon: insulin yana nan amma jiki ya daina jin maganarsa, fankiriyas ta yi ta ninka aiki har ta gaji. Wannan yana iya shekaru yana ɓarna shiru. Akwai na lokacin ciki, akwai kuma wanda magani ke jawowa. A nan sai in ja hankalinki ga ƙwayoyin nan na sa ƙiba da ƴan mata da amare ke saye a tebur, irin su dexamethasone, da mayukan sauya launin fata masu irin wannan sinadari. Suna ɗaga sukari sosai, kuma ba mai faɗa miki tana sha sai kin tambaya, ke da ita kaɗai.

Kada kuma ki ɗauka ciwon masu teɓa ne da alhazan Babbar Kasuwa kawai. Ƙiba da zaman wuri ɗaya da gado suna ƙara haɗari ƙwarai, amma na ga manoma siraran gaske daga Madarunfa da Gidan Rumji da sukarinsu ya haura giram 3.

Kowace alama da dalilinta

Ƙoda tana tace jini tana mayar da gulukos ciki, amma ƙarfinta yana da iyaka, wajen giram 1.80 a lita. Da jini ya wuce nan sai sukari ya zube cikin fitsari, kuma ba ya fita shi kaɗai, ruwa yake ja. Ga yawan fitsari. Jiki ya bushe, ga ƙishirwa. Ki riƙe wannan jerin da kyau: fitsarin ne ke jawo shan ruwa, ba shan ruwan ke jawo fitsari ba. Sau da yawa ƴan gida kan hana tsoho ruwa da dare don ya daina tashi, wannan kuwa tura shi suke cikin haɗari. Wani kuma yana kashe ƙishirwar da lemon kwalba mai sanyi ko shayi zagaye uku a fada, yana ƙara wa wutar itace. Tambaya ɗaya da ke buɗe bakin mutanen karkara ita ce: "Baba, ƙiyashi na taruwa inda ka yi fitsari?" Za ki ga ya ɗago kai ya dube ki, don ya daɗe yana gani bai san abin faɗa ba ne. A wajen yaro kuwa, alamar ita ce wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi.

Rama da yawan ci suna tafiya tare, abin da ke ɗaure wa mutane kai har su fara zargin sammu. Abincin yana narkewa lafiya, yana shiga jini lafiya, amma bai shiga tsoka ba, wani kuma ya bi fitsari. Jiki na jin yunwa sai ya koma cin kitsensa da namansa. Daga nan ne kasala da mutuwar jiki ke fitowa. Ki tambayi mace ko awarwaronta ya fara zamewa, namiji ko ya ƙara huda a bel ɗinsa, don yawancin mutanenmu ba su san nauyinsu na da ba.

Hazo-hazon ido na farko daga ruwan da ke shiga yana fita a madubin cikin ido ne sa'ad da sukari ke hawa da sauka. Yana gyaruwa in sukari ya daidaita, don haka ki hana sabon majinyaci gaggawar yanka tabarau sai bayan ƴan makonni. Wannan daban yake da lalacewar jijiyoyin bayan ido da ke zuwa bayan shekaru, wadda ba ta ciwo, ita ce dalilin da ya sa ake so likitan ido ya duba su kowace shekara.

Sai cututtuka masu dawowa. Sukari mai yawa yana rage kuzarin fararen ƙwayoyin jini, yana kuma ciyar da ƙwayoyin cuta. Maruru bayan maruru, ɗan karkare a yatsa, dasashi mai jini da haƙora masu girgiɗi, gyambon da ya ƙi warkewa. A wajen mata, ƙaiƙayin gaba da farin ruwa, wanda kowa zai ce "sanyi" ne. Duk matar da ta zo miki karo na uku da "sanyi", ta sha na asibiti ta sha na gargajiya, ki soki yatsarta kafin a sake rubuta mata wani magani. Maza kuma sukan zo da zancen basir ko ciwon baya, su yi ta kewaye-kewaye, alhali raunin mazaƙuta ne ya kawo su. Mai tarin fuka ma a auna shi, domin ciwon sukari yana ninka haɗarin kamuwa da shi sau biyu zuwa uku.

Ƙafa ita ce wurin da na fi so ki saba dubawa. Jijiyoyin ji sukan lalace daga yatsu su hauro: zafi ko tsira-tsira da dare, daga baya mutuwar ji gaba ɗaya. Wani zai ce miki silifas ɗinsa na fita yana tafiya bai sani ba. Wani ɗan kabu-kabu ya taɓa zuwa mini da ƙuna a gefen ƙafa, faɗin tafin hannun yaro, ta riga ta fara ruwa. Salansar babur ce ta ƙone shi, amma bai san ranar ba, matarsa ce ta ga tabo a tabarma. Na ce ya rufe ido, na taɓa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, bai ji ko guda ba. Bai taɓa sanin yana da sukari ba, da aka auna ya haura giram 3. Tun da muna kusa da Danja, inda aka daɗe ana kula da masu kuturta, ki tuna kuturtar ma tana kashe jin ƙafa, sai ki duba fata ko akwai tabo mai haske da ba ya jin taɓi. Kulawar ƙafar dai kusan iri ɗaya ce: a duba ta kullum har tsakanin yatsu, kada a taka ƙasa ba takalmi ko da zuwa masallacin ƙofar gida ne, a zazzage takalmi kafin a sa, kada a bar mai yankan farce ya sa reza a kanta.

Duk da wannan, mafi yawan masu nau'i na 2 ba su da wata alama da za ta kawo su. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da shi a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su sani ba. Don haka akwai waɗanda za ki auna ko ba su koka da komai ba: wanda ya haura shekara 40, mai hawan jini, mai teɓa, wanda uwa ko uba ko ɗan'uwa ke da shi, matar da ta taɓa haihuwar jariri mai fiye da kilo 4 ko ta sha haihuwar ba rai, da mai baƙi-baƙi mai kauri a bayan wuya wanda sabulu ba ya fitarwa.

Yaron damina

Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ɗakunan yara ke cika, kowane yaro mai amai da kasala masassarar cizon sauro ake fara zato, kuma yawanci ita ce. Amma na taɓa karɓar wani yaro ɗan shekara 9 daga wani ƙauye ta hanyar Dakoro. Gwajin masassara ya nuna akwai, an ba shi magani, bai farfaɗo ba. Idanu sun faɗa, harshe ya bushe, yana riƙe da ciki, yana jan numfashi mai zurfi alhali ƙirjinsa babu komai. Abin da bai dace ba shi ne, duk bushewar nan tabarmarsa a jiƙe take. Yaron da gudawa ko zazzaɓi ya busar fitsarinsa raguwa yake. Da na tambayi uwar, ta ce ai wata guda ke nan yana fitsarin kwance, har dukansa aka yi. Na'ura ba ta ba da lamba ba, HI ta rubuta, wato sukarin ya wuce iyakar abin da take iya aunawa.

Abin da ke faruwa shi ne, in babu insulin sam, hanta tana ƙona kitse babu tsari, ta fitar da sinadaran keton masu tsami. Jini ya yi tsami, huhu ya yi ta ƙoƙarin fitar da shi, shi ne wannan numfashin. Wani lokaci bakin yana wari irin na ruwan goge jan farce. Amai da ciwon cikin kan sa a yi zaton tayifot ko abin tiyata. Samun masassara a jini bai hana wani ciwon zama tare da ita ba, hasali ma ita ce takan tayar da shi. Duk majinyacin da hankalinsa ya gushe ko ya ragu, yaro ko babba, a auna sukarinsa cikin mintocin farko. Ko sama ko ƙasa, domin masassara mai tsanani da maganinta kinin duka suna faɗar da shi.

Awo da kurakuransa

Alama tana sa zato ne kawai, lamba ce ke yanke hukunci. Bayan awa 8 ba abinci, giram 1.26 a lita ko sama ciwon sukari ne, amma in babu alamomi a sake a wata rana, zai fi kyau da jinin jijiya a ɗakin gwaji. Daga 1.10 zuwa 1.25 bakin gaɓa ne, lokacin da gyaran abinci da tafiyar ƙasa suka fi amfani. A kowane lokaci na yini, giram 2 ko sama tare da alamomin nan ya isa. Gwajin HbA1c yana nuna matsakaicin wata 2 zuwa 3, kuma kashi 6.5 ne iyakarsa, sai dai ba a dogara da shi ga mai sikila ko mai ƙarancin jini sosai, su kuwa ba su da wuyar samu a nan. Mai ciki ana ba ta ruwan gulukos giram 75 tsakanin mako na 24 da na 28, kuma lambobinta sun fi na kowa ƙasa.

Mu a Nijar giram a lita muke rubutawa, amma mutanenmu suna zuwa Katsina da Kano, suna dawowa da takardu da na'urori masu wani ma'auni. Giram 1.26 a lita shi ne miligiram 126 a desilita, shi ne milimol 7.0 a lita. In kika ga 7 ko 11 a takarda ki duba ma'aunin kafin gabanki ya faɗi, in kuma milimol ne ki ninka da 18 ki sami miligiram. Kada ki taɓa rubuta lamba tsirara.

"Ban ci komai ba" kuma ba amsa ba ce. Ki bi ta ɗaya-ɗaya: koko fa? Shayi? Ragowar fura da asuba? Dabino? A wajen mutane da yawa abin da aka sha ba ci ba ne. Ki sa ya wanke hannu da sabulu ya bushe, musamman lokacin mangwaro, don zaƙin da ke kan fata kaɗai yana iya ba ki lambar da za ta tayar da hankalin gida guda. Ki soki gefen yatsa, kada ki matse da ƙarfi. Ƴan tsinken awon kuma zafi da iska na lalata su: a rufe kwalbarsu nan take, kada a bar ta kan taga, a duba ranar ƙarewar aiki. Awon fitsari ba ya kore ciwon, tun da sukari ba ya fitowa ciki sai ya wuce 1.80, amma shi ne hanyarki ta ganin keton.

Ciwon yana komawa kan cikin

Jijiyoyin da ke motsa tumbi da hanji su ma suna lalacewa bayan shekaru. Tumbi ya yi nauyin saki: ƙoshi bayan loma uku, kumburi, tashin zuciya, aman abincin jiya. Wani maƙarƙashiya, wani gudawar dare. Duk waɗannan "olsa" ake kiransu a gari, a yi ta shan farin ruwan magani. Olsa ta gaske tana nan, amma ciwo a bakin ciki ga mai sukari babba, da zufa ko sarƙewar numfashi, yana iya zama bugun zuciya, domin su ba lallai su ji ciwon ƙirji irin na littafi ba. Metformin kuma, ƙwayar maganin sukari, yakan sa gudawa da tashin zuciya a farko, shi ya sa ake farawa da kaɗan, a sha tare da abinci. In ba ki gargaɗi majinyaci ba, kwana uku zai jefar da shi. Wanda kuma bayan gidansa ke da maiƙo, mai wari, ga ciwon da ke ratsawa zuwa baya, ko dattijon da sukari ya kama farat ɗaya tare da rama da shawara, wannan fankiriyas ɗin ce gaba ɗaya ake zargi, likita da hoto yake buƙata.

Za su tambaye ki maganin gargajiya, yawanci masu ɗaci, bisa tunanin ɗaci na kashe zaƙi. Ni ba na faɗa da su, don in kika yi faɗa ɓoye miki za su yi. Nakan ce zogale da yakuwa da rama abinci ne masu kyau, a cika kwano da su a rage tuwo. Amma babu ganyen da ke maye gurbin insulin ga yaro mai nau'i na 1, zuma kuma tana ɗaga sukari kamar kowane zaƙi.

Faɗuwar sukari ta fi hawansa saurin kisa, kuma yawanci maganinmu ne ke jawo ta, musamman insulin da ƙwayar maganin sukari glibenclamide in an sha ba a ci ba. Ƙasa da 0.70, da zufa mai sanyi, makyarkyata, yunwa, faɗuwar gaba, ko mutum ya rikice yana faɗa ba dalili. In yana iya haɗiya, ƙwayar sukari 3 a ruwa, a sake awo bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi ta gefe a ba shi gulukos ta jijiya bisa ƙa'idar wurin aikinku. Na glibenclamide yakan dawo bayan awoyi, don haka ba a sallamar mai shi da zarar ya buɗe ido. Kafin watan Ramadan kowane mai shan magani ya ga likitansa, kuma mai azumin da sukarinsa ya sauka ƙasa da 0.70 ko ya haura giram 3 ya karya azumin.

Daga nesa ba zan iya yanke wa kowa hukunci ba, ke ma a matsayinki ba ke za ki zaɓi magani ko adadin insulin ba, wannan na likita ne. Naki shi ne zato da wuri, awo mai kyau, gane na gaggawa, da turawa babban asibitin jiha, CHR, ko asibitin gundumarku da takardar da za ta yi amfani. Ki rubuta lambar da ma'auninta, ƙarfe nawa aka auna, ya ci ko bai ci ba, akwai keton ko babu, awon hawan jini, nauyi, duk abin da yake sha har na tebur da na gargajiya, da abin da kuka ba shi kafin ya tashi. In a sume yake ko yana amai, a sa masa ruwa tun daga wurinku, kuma ma'aikaci ya raka shi cikin motar.